Na-Gada da Na-Koya: Nazarin Halin Kasada a Ƙasar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan Bahaushe ya ga yaro ya faɗa kogi a lokacin da ruwa ya kawo, yakan ce, "Ai gado ya yi, haka ubansa yake." Idan kuwa ya ga wani ya noƙe a bakin gaɓa, sai ya ce, "Dama gidansu ba a san su da zuciya ba." Waɗannan maganganu biyu suna ɗauke da hukunci guda, wato cewa halin tunkarar haɗari abu ne da ke bin jini, wanda aka haifa da shi ya samu, wanda aka haifa babu shi kuwa ya rasa ke nan har abada.

Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan hukunci. Za a fara da duba kalmomin da Hausa ta tanada don wannan hali, sa'an nan a duba abin da Bahaushe ke nufi da gado, a kwatanta shi da abin da binciken kimiyya ya gano. Daga nan za a kawo misalai biyu daga ƙasar Haɗejiya: gidan sarautarta a ƙarni na 19, da kuma manoman fadamar kogin Haɗejiya. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, jini yana da rabonsa, amma rabon nan bai kai yadda ake zato ba, kuma mafi yawan abin da ake kira zuciya ko tsoro darasi ne da rayuwa ta koyar, tare da lissafin abin da mutum zai dogara a kai idan ya faɗi. Maganar ba ta tsaya ga aji kaɗai ba, domin da irin wannan hukunci ake yi wa manomi shaidar taurin kai ko ta tsoro, a kuma tsara masa ayyukan da ba su dace da shi ba.

2.0 Kasada da Danginta a Harshen Hausa

Kasada ita ce mutum ya shiga wani al'amari alhali ya san yana iya samun riba, yana kuma iya yin hasara, ba tare da ya san wadda za ta faɗo masa ba. Bafataken da ya zuba jarinsa duka a kan kaya ɗaya ya yi kasada. Haka ma manomin da ya yi binne, wato ya shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwan fari.

Amma Hausa ba ta tara wannan hali a kalma ɗaya ba. Akwai jarunta, wadda ake yabo, domin ita kasada ce da aka yi saboda wani abu mai daraja. Akwai kuru da ƙundumbala, wato a rufe ido a afka. Akwai ganganci, wanda ake zargi, domin mai shi ya ga haɗarin sarai ya raina shi. Akwai kuma shahadar ƙuda, wato sai da rai a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta ɗaya gefen ma haka abin yake, domin taka-tsantsan da hattara abin yabo ne, tsoro da ragwanta kuwa abin kunya ne.

Abin lura a nan shi ne, aiki ɗaya yana iya amsa sunaye biyu. Wanda ya haye kogi da iyo don ceto yaro jarumi ne, wanda ya haye shi don burge 'yan mata kuwa mai ganganci ne. Ashe ke nan harshen da kansa ya nuna cewa Bahaushe yana duba dalili da hali da lokaci kafin ya yanke hukunci. Bugu da ƙari, a cikin nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya fitar a 1974 kan mutumin kirki a wajen Hausawa, halayen da ya lissafa sun haɗa da haƙuri da hankali da hikima, amma jarunta ba ta cikinsu. Wannan yana nuna cewa auna abu kafin a shiga shi ne ma'aunin kamala a al'ada. Ko a fannin addini, malamai suna koyar da cewa a ɗaure raƙumi tukuna sa'an nan a yi tawakkali.

3.0 Gado a Tunanin Bahaushe

Karin magana ya rabu gida biyu a kan wannan batu. Kashi na farko yana ba jini ƙarfi: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kyan ɗa ya gaji ubansa, hali zanen dutse, ɗan na-gada ya fi ɗan na-koya. Kashi na biyu yana ba tarbiyya da zama ƙarfi: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zama da maɗaukin kanwa shi ke sa farin kai, albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Idan aka dubi kashi na farko da idon basira, za a ga cewa kalmar gado tana ɗauke da abubuwa uku da Bahaushe bai cika rarrabe su ba. Na farko shi ne abin da ɗa ya ɗauko a jikin iyayensa. Na biyu shi ne abin da ya koya a hannunsu tun yana ƙarami. Na uku shi ne abin da suka bar masa na dukiya da kayan aiki da suna. Alal misali, ɗan masunci a ƙasar Guri ko Kirikasamma da ke hawa gora ya ratsa ruwa mai zurfi yana jan koma, an ce gado ya yi. Amma wannan yaro tun yana ɗan shekara kaɗan yake bin ubansa, ya san inda ruwa ke da ƙarfi, ya san inda rami yake, kuma gorar da komar na gidansu ne. Abin da baƙo zai kira kasada, a wajensa aikin yau da kullum ne, domin saninsa ya rage masa haɗarin. Saboda haka ɗan na-gada shi ma ɗan na-koya ne, sai dai shi ya fara koyon da wuri.

4.0 Abin da Binciken Kimiyya Ya Gano

4.1 Rabon jini

Hanyar da masana suka fi bi don raba jini da tarbiyya ita ce nazarin tagwaye, wadda Francis Galton ya fara jawo hankali a kanta a Ingila a 1875. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, ƙwayoyin halittarsu kusan duka ɗaya ne. Akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda a matsakaici rabi suka haɗa, kamar sauran 'yan uwa shaƙiƙai. Tun da kowane iri gida ɗaya suke tashi, idan aka ga na ƙwai ɗaya sun fi kama da juna a wani hali, to ana jingina wannan ƙarin kama ga jini.

A 2009 David Cesarini da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa tagwaye a ƙasar Suwidin, inda aka ba su zaɓi tsakanin kuɗi tabbatacce da wanda ake iya samu ko a rasa. Sun gano cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali ana iya danganta shi da ƙwayoyin halitta. Ya kamata mai karatu ya fahimci wannan adadi da kyau. Ba ana nufin kashi 20 na zuciyar mutum ɗaya daga ubansa ta fito ba, ana magana ne a kan bambancin da ke cikin jama'a baki ɗaya.

A 2019 kuma Richard Karlsson Linnér da ɗimbin masana suka bincika ƙwayoyin halittar mutane fiye da miliyan 1. Sun sami wurare 99 a cikin ƙwayoyin halitta da ke da alaƙa da son kasada, amma tasirin kowane ɗaya ɗan mitsitsi ne, har ma da aka tattara su a ma'auni guda bai bayyana kashi 2 cikin 100 na bambancin mutane ba. Wato dai babu wata ƙwayar jarunta guda da uba ke miƙa wa ɗansa kamar yadda yake miƙa masa takobi. Har ila yau, mutanen da aka yi wannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, don haka kuskure ne a ɗauki alƙalumansu a ɗora wa Bahaɗeje kai tsaye.

4.2 Rabon rayuwa

A Amurka, Ulrike Malmendier da Stefan Nagel sun nuna a 2011 cewa mutanen da suka rayu a zamanin da kasuwar hannun jari ta yi ta faɗuwa sun fi ɗari-ɗari da zuba kuɗinsu a cikinta, ko da bayan shekaru masu yawa. Dangane da ambaliya kuwa, wadda ita ta fi shafar batun wannan takarda, an sami sakamako iri biyu. Lisa Cameron da Manisha Shah sun gano a ƙauyukan gabashin tsibirin Jaba na Indunusiya cewa waɗanda ambaliya ko girgizar ƙasa ta shafa ba da daɗewa ba sun fi gudun kasada. Amma bayan ambaliyar birnin Brisbane na Ostareliya a 2011, Lionel Page da abokan aikinsa sun ga cewa waɗanda ruwa ya ɓata wa gidaje sun fi maƙwabtansu da suka tsira zaɓen tikitin caca a kan ɗan kuɗi tabbatacce.

Wannan saɓani ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin yana da karin magana ga kowane ɓangare. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda ruwa ya ci kuwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na farko yana da sauran abin da yake karewa, na biyu kuwa ya riga ya yi hasara, yana neman mafita ko ta halin ƙaƙa. Wannan shi ne abin da Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana a 1979, cewa ɗan Adam yakan guji kasada idan riba ce a gabansa, ya kuma rungume ta idan hasara ta tsare shi.

5.0 Misali na Farko: Gidan Sarki Sambo

Sarkin Haɗejiya Sambo ya yi mulki daga 1808 zuwa 1845, kuma 'ya'yansa biyar sun hau gadon sarauta bayansa: Garko, Abdulƙadir, Buhari, Ahmadu da Haru. Daga cikinsu Buhari ne tarihi ya fi riƙewa. Ya hau a 1848, kuma bayan kisan Sarkin Auyo Nalara, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba da umarnin tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu a 1850. Buhari bai sallama ba. Ya dawo a 1851 ya ƙwace birnin, aka kashe Ahmadu, daga baya kuma ya karya rundunar da aka haɗa don yaƙarsa a Kafur. Ya zauna cikin tawaye ga Sakkwato har rasuwarsa a 1863, a yaƙin da ya kai wa Badawa a Gorgoram.

Mai neman hujjar gado zai yi saurin haɗa Buhari da Sarki Muhammadu ɗan Haru, wanda ya yi mulki daga 1885, ya kuma tsaya ya yi yaƙi da Turawan Ingila a watan Afrilu na 1906 har aka kashe shi, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Zai ce ga jini nan ya bayyana sau biyu a gida ɗaya. To amma hujjar tana da rauni ta fuska uku. Da fari, uba ɗaya ya haifi Buhari da Ahmadu, ɗaya ya yi wa Sakkwato tawaye, ɗaya kuwa ya karɓi naɗi daga hannunta, kuma bayan Buhari gidan nan dai ne ya mayar da Haɗejiya ƙarƙashin Sakkwato. Na biyu, Buhari bai yi tawaye da zuciya kaɗai ba. Yana da birni mai ganuwa, da dawakai, da mayaƙan da suka tsaya masa, ga shi kuma a can gefen daula, kusa da iyakar Barno, nesa da Sakkwato. Na uku, halin da Muhammadu ya sami kansa ya sha bamban. Ya ga faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, ya ji labarin Burmi a shekarar nan, da na Satiru a farkon 1906. Ya san ƙarfin bindigogin Turawa sarai, don haka ba lissafin cin nasara ya tsayar da shi ba. Abin da ya auna shi ne addini da mutunci da sunan gida, ya ga cewa rasa su ya fi mutuwa nauyi.

Ashe kalmar kasada ɗaya ta rufe abubuwa biyu daban. Ko da akwai zafin zuciya a jinin gidan, tarbiyyar fada da kayan yaƙi da halin zamani su suka nuna wa zuciyar inda za ta nufa.

6.0 Misali na Biyu: Manomi da Kogi

Kogin Haɗejiya ya samo ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu ya malale a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har zuwa wajen Nguru, ruwansa da na kogin Jama'are su haɗu su zama Komadugu Yobe mai faɗawa tafkin Chadi. A wannan fadama Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa suke noma da su da kiwo.

Noman shinkafa a nan kasada ce tsantsa. Manomi yana shuka da ruwan sama, ya jira malalen kogi. In kogi ya yi sammako ya tarar da shinkafa ƙarama, ya nutsar da ita. In ya makara ko ya ƙi zuwa, ta bushe. Dabarar da magabata suka bar wa manomi ita ce kada ya tara dogaronsa wuri ɗaya. Yana da gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama, wake idan ruwa ya janye, su a lokacin kifi, 'yan awaki a gida, da ci-rani idan abin ya ƙi. David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna a ƙauyukan Zariya cewa haɗa amfanin gona iri-iri a gona ɗaya yana rage wa manomi haɗarin tashi hannu wofi. Michael Mortimore kuma, a littafinsa na 1989, ya bi diddigin yadda mutanen Dagaceri da ke arewa maso gabashin ƙasar Haɗejiya suka tsallake farin shekarun 1970 da na 1980 ta irin waɗannan hanyoyi.

Daga baya sai halin kogin da kansa ya sauya. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Malalen damina ya ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya sa wasu hanyoyin ruwa ba sa bushewa, ciyawar kachalla ta sami wurin zama ta toshe su, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Sakamakon haka wasu gonaki suka nutse, wasu suka rasa ruwa. Ga kuma manyan ambaliyoyi irin na 2001 da 2012 da 2018 da 2020 da 2022. Ilimin da uba ya gada game da lokacin zuwan ruwa ya daina yi wa ɗa amfani yadda ya kamata. Manomin da ya ci bashin taki ruwa ya tafi da gonar, in ya ƙi karɓar sabon iri baɗi, ba ragwanta ya gada ba, macijin nan ne ya sare shi. Wanda kuma ya koma ya sake shuka a inda ruwa ya ci bara, ko ya ƙi tashi daga bakin kogi, sau da yawa ba shi da wata gonar, shi ne mai kama takobi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru da alkama. A 1987 gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama daga waje, farashinta ya tashi, ga kuma ƙananan injunan ban-ruwa da hukumar KNARDA ta Jihar Kano ta yaɗa da rangwame, domin a lokacin Haɗejiya tana cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Cikin 'yan shekaru manoman fadamar suka share filaye suka duƙufa noman alkama da rani. Da aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990, da yawa suka juya ga wasu amfanin gona. Jinin mutanen nan bai sauya ba tsakanin 1986 da 1988. Abin da ya sauya shi ne girman riba da samuwar kayan aiki.

7.0 Kammalawa

An ga a wannan takarda cewa Hausa ta rarrabe kasada zuwa abin yabo da abin zargi bisa dalili da hali, kuma kalmar gado ta haɗa jini da koyo da dukiya. An ga cewa kimiyya ta tabbatar wa jini rabo, amma matsakaici, wanda ya warwatsu a ƙwayoyin halitta masu yawa. An kuma ga cewa gida ɗaya ya fitar da mai tawaye da mai biyayya, kogi ɗaya kuma ya koya wa wani gudu, ya tilasta wa wani tsayawa.

Darasin da ke ciki ya shafi malamin gona da jami'in agaji da mai ba da rancen noma. Wanda ya ɗauka tsoro a jini yake zai tsaya ga yi wa manomi wa'azi ko gori. Wanda kuwa ya gane cewa lissafi ne zai nemi rage wa manomin nauyin faɗuwa, ta hanyar share kachalla daga hanyoyin ruwa, da gyara jinga, da sanar da mutane lokacin sakin ruwa daga madatsu, da rancen da ba zai raba mutum da gonarsa ba idan ambaliya ta zo. Ga ɗaliban Hausa kuma akwai aiki a gaba, wato tattara kirari da karin magana da kalmomin masunta da manoman wannan fadama tun dattawan da suka san kogin kafin a gina Tiga suna raye, domin a bakinsu ne za a ji yadda Bahaushe ya auna haɗari tun kafin masana su ƙirƙiro masa ma'auni.